KIƊA KAFIN RAWA: ZAƁEN SALON RAWA BISA KARIN WAƘAR AURE A AL'ADAR TURAWA



1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Galibi akan kawo wannan karin magana ne a kan sha'anin mulki ko na zaman duniya, har an kusa mance cewa asalinsa magana ce a kan kiɗa da rawa su kansu. Makasudin wannan lacca shi ne a mayar da shi gidansa na asali, a gwada shi a kan wata al'ada ta Turai da Amurka, watau rawar farko da ango da amarya kan yi a wurin liyafar aurensu.

Ga yadda al'adar take. Bayan an ci abinci, sai a buɗe fili a tsakiyar zaure, a saki waƙar da ango da amarya suka zaɓa, su fito su biyu kaɗai su taka har minti biyu ko uku, dangi da abokai sun kewaye su suna kallo. Akasarin masu yin wannan ba gwanayen rawa ba ne. Wasunsu ma ba su taɓa koyo ba sai da biki ya matso. Idan ƙafa ta saɓa wa kiɗa kuwa, kowa zai gani, har wanda bai san kome game da kiɗa ba, ga kuma hoton da aka ɗauka yana nan yana tuna musu har tsufa.

Irin rawar da ake nufi ita ce wadda Turawa kan yi bibbiyu, namiji da mace suna riƙe da juna, a babban zauren liyafa. A nan za a kira ta rawar zaure. Tana da salo iri-iri, irin su wals, da fokstirot, da kwikstef, da tango, da rumba, da ca-ca-ca. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zaɓen ɗaya daga cikinsu aikin kunne ne, kuma kunnen yana da tambayoyi uku da zai yi wa waƙa: bugu nawa ne a ƙullinta, yaya saurinta yake, kuma yaya dogo da gajere suka jeru a cikinta.

2.0 Asalin Matsalar

A fadar Faransa, zamanin Sarki Luwi na 14, ba a cika zaure da masu rawa gaba ɗaya. Mutum biyu mafiya daraja su ke fara fitowa su taka, saura na kallo, sa'an nan masu bi musu a muƙami. Daga irin wannan tsari ne aka gaji cewa mafi girma a taro shi ke buɗe fage, a wurin biki kuwa ba wanda ya kai ango da amarya.

Wals ta taso ne daga raye-rayen ƙauye na Ostiriya da kudancin Jamus, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Da ta shiga Landan sai da aka yi ta Allah wadai da ita, saboda riƙon da namiji ke yi wa mace. Har mawaƙi Byron ya yi mata zambo a rubuce cikin 1813. Amma taron sarakunan Turai da aka yi a Biyana daga 1814 zuwa 1815, da yawan liyafar da aka yi a cikinsa, ya ɗaukaka ta. Daga baya Johann Strauss ƙarami, wanda ya fito da kiɗan "The Blue Danube" cikin 1867, ya kai ta ko'ina. Har yau a Jamus da Ostiriya rawar farko ta aure, bisa al'ada, wals ce.

Ƙarni na 20 ya zo da baƙi. Tango ta fito daga Buwenos Aires da Montebidiyo, ta mamaye Faris wajen 1913. Fokstirot ta bayyana a Niyu Yok cikin 1914. Ganin kowa na taka abin da ya ga dama, sai ƙungiyar malaman rawa ta Ingila, wadda aka kafa cikin 1904, ta buɗe sashen rawar zaure cikin 1924 domin daidaita takun kowane salo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, Victor Silvester, ya lura cewa makaɗa na buga kiɗa da saurin da suka so, masu rawa na wahala. Saboda haka cikin 1935 ya kafa ƙungiyar makaɗa tasa, wadda ba ta ƙara ko rage sauri daga farkon faifai har ƙarshensa.

A duk tsawon wannan zamani, rawa ake fara zaɓa, sa'an nan kiɗa ya biyo. Ango ya ce wals yake so, makaɗa su buga wals. A jikin faifan garmaho ma akan rubuta sunan salon rawar a gefen sunan waƙar. Abin ya juya ne daga 1960, sa'ad da rawar tuwis ta Chubby Checker ta raba namiji da mace, kowa na rawarsa shi kaɗai. Daga nan masu tsara waƙoƙin yayi suka daina damuwa da ko waƙarsu za ta taku a zaure. Yanzu ango da amarya waƙa suke fara zaɓa, don kalmominta ko don wani abin da take tuna musu, daga baya su shiga neman rawar da za ta hau kanta. Wannan juyin shi ne tushen matsalar.

3.0 Tambaya ta Farko: Bugu Nawa ne a Ƙulli?

Bugu shi ne abin da mai sauraro ke bi da tafi ko da kaɗa ƙafa ba tare da ya yi tunani ba. Bugun kiɗa ba ya zuwa a warwatse. Yakan zo rukuni-rukuni, kowane rukuni yana farawa da bugu mai nauyi, sauran na biye da shi. Wannan rukuni shi za a kira ƙulli.

Hanyar gano shi ita ce a toshe kunne daga muryar mawaƙi, a saurari ganga da babbar molo mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗan. Duk inda aka ji nauyi ya sauka sai a ce "ɗaya", a ci gaba da ƙirga har nauyin ya sake dawowa. In an ƙirga uku, waƙar ta dangin wals ce, ba kuwa wani salon da zai zauna mata daidai sai wals. Misali shi ne "Moon River" ta Henry Mancini, ta 1961. In an ƙirga huɗu, an fita daga gidan wals ke nan, an shiga babban gida inda fokstirot, da kwikstef, da rumba, da ca-ca-ca suke. Mafi yawan waƙoƙin soyayya na Turai da Amurka masu bugu huɗu ne.

Dalilin da ya sa wannan tambaya ta riga sauran a jikin ɗan Adam yake. Ƙafa biyu gare shi. A wals, taku uku ne a ƙulli, saboda haka in ya fara wannan ƙulli da hagu, na gaba da dama zai fara shi. Wanda ya ɗora taku uku a kan bugu huɗu, babban takunsa zai faɗa kan bugu mai nauyi sau ɗaya ne kawai cikin kowane bugu goma sha biyu. A tsakani kuwa yana ta yawo a bayan kiɗa ko a gabansa. Abin da 'yan kallo ke gani ke nan su ce rawar ba ta zauna ba, ko da ba su iya faɗin dalili.

4.0 Tambaya ta Biyu: Sauri

Tun 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar na'urar auna bugu da ake kira metronom, amma agogon hannu ma ya wadatar. A ƙirga bugu masu nauyi cikin daƙiƙa 30, a ninka biyu, an sami yawan ƙulli a minti. Ga ma'aunin da ake bi a gasar rawa ta duniya:

Wals mai sanyi, ta Ingila: ƙulli 28 zuwa 30 a minti, watau bugu 84 zuwa 90.
Wals ta Biyana: ƙulli 58 zuwa 60, watau bugu 174 zuwa 180.
Fokstirot mai sanyi: ƙulli 28 zuwa 30, watau bugu 112 zuwa 120.
Kwikstef: ƙulli 50 zuwa 52, watau bugu 200 zuwa 208.
Rumba: ƙulli 25 zuwa 27, watau bugu 100 zuwa 108.
Ca-ca-ca: ƙulli 30 zuwa 32, watau bugu 120 zuwa 128.

Abin lura na farko shi ne wals iri biyu ce, kuma ɗaya ta ninka ɗaya sauri. Ta Biyana taku uku ce a kowace daƙiƙa, ana juyi ba tsayawa. Wanda ya koyi ta Ingila cikin mako shida, in aka saki masa kiɗan Strauss, jiri ne zai ɗauke shi.

Na biyu, liyafar aure ba gasa ba ce, don haka ba laifi in waƙa ta ɗan haura ko ta ɗan gaza ma'aunin. Amma akwai iyaka, kuma jiki ne ya sa ta. Mutane kan ɗauka cewa kiɗa mai sanyi ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Sau da yawa akasin haka ne, domin in bugu ya yi nisa da ɗan'uwansa, tilas mai rawa ya daɗe a kan ƙafa ɗaya yana jira, nan kuwa ake tangaɗi. Waƙoƙin soyayya da yawa bugu 60 zuwa 80 ne a minti, sun gaza ma'aunin rumba da na fokstirot nesa ba kusa ba. Don irinsu ne wani malamin rawa Ba'amurke, Buddy Schwimmer, ya tsara wani salo mai sauƙi a tsakiyar shekarun 1960, wanda ake kira taku biyu na gidan rawa.

5.0 Tambaya ta Uku: Dogo da Gajere

A nan ɗalibin Hausa ya fi kowa sa'a, domin abin da malaman rawa ke koyarwa ya riga ya san shi da wani suna. A ilmin aruli, wanda Khalil ibn Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, kuma ake auna rubutattun waƙoƙin Hausa da shi, gaɓa iri biyu ce: mai nauyi da marar nauyi, kuma mai nauyi tana cin lokacin marasa nauyi biyu. Haka taku yake a rawar zaure. Dogon taku yana cin bugu biyu, gajere yana cin ɗaya.

Ana iya gwada wannan da kalmomin da kowa ya sani. "Katsina" gaɓa uku ce, duka marasa nauyi, tsawonsu ɗaya. Wannan shi ne takun wals, in an ɗan danna gaɓar farko. "Zariya" kuwa gaɓarta ta farko mai nauyi ce, biyun da ke biye marasa nauyi, watau dogo, gajere, gajere. In an haɗa, bugu huɗu ke nan cif, kuma shi ne takun fokstirot da na rumba irin ta Amurka. "Tafiya" akasin haka ce, gajere, gajere, dogo, kuma haka taku ukun nan masu sauri suke, waɗanda suka ba ca-ca-ca sunanta. Wanda ya saki waƙa ya yi ta maimaita "Zariya, Zariya" a kanta, zai ji da kunnensa ko kalmar ta kwanta ko ta ƙi.

To, tun da fokstirot da rumba karin takunsu ɗaya ne, saurinsu kuma ya yi kusa, me zai raba su? Yadda makaɗa suka raba cikin bugun. A kiɗan jaz, inda fokstirot ta girma, ba a raba bugu biyu daidai. Rabin farko ya fi na biyu tsawo, abin da ke sa kiɗan ya yi kamar yana rangaji yana tura mutum gaba. Fokstirot rawar tafiya ce, ana zagaya zaure da dogayen taku. A kiɗan Kuba kuwa ana raba bugu daidai wa daida, ga ƙananan ganguna da sanduna biyu da ake bugawa suna cike tsakani. Rumba rawar wuri ɗaya ce, taku ƙanana, aikin yana ga ƙugu. Tango tana da nata hali, bugunta a yanke yake, mai kaifi, shi ya sa ba kasafai waƙar soyayya mai laushi ke karɓarta ba.

6.0 Tarkon Uku a Cikin Huɗu

Akwai wani rukunin waƙoƙi da ya fi kowane jefa ango da amarya cikin kuskure, kuma cikinsa ne waɗanda aka fi so a wurin aure suke: "At Last" ta Etta James, ta 1960, "Can't Help Falling in Love" ta Elvis Presley, ta 1961, da "Perfect" ta Ed Sheeran, ta 2017. Mai sauraro zai ji "ɗaya, biyu, uku" a cikinsu sarai, sai ya yanke cewa wals ce. Alhali manyan bugunsu bibbiyu ko hurhuɗu suke tafiya, kowane babban bugu ne aka raba shi gida uku.

Lissafi zai nuna girman tarkon. Manyan bugun waɗannan waƙoƙi wajen 60 zuwa 70 ne a minti. In an ninka uku, ƙananan sun kai 180 zuwa 210. Wanda ya ce zai taka kowane ƙaramin bugu, wals ta Biyana ya shiga, ko ma abin da ya fi ta sauri. Wanda kuma ya ce zai yi wals mai sanyi a kan manyan bugun, ya koma ga ɗora uku a kan huɗu. Mafita biyu ce. Gwanaye, masu isasshen lokacin koyo da faɗin fili, suna iya yin wals ta Biyana, kuma tana kyau ƙwarai a kan irin wannan kiɗa. Saura kuwa su bar ƙananan bugu ga makaɗa, su taka manyan kaɗai, a hankali, da ɗan rangaji da juyi jefi-jefi.

7.0 Waƙa Ɗaya, Rawa Biyu

Sunan waƙa ba ya faɗin rawarta. Bart Howard ya tsara wata waƙa cikin 1954 da sunan "In Other Words", mai bugu uku, watau wals. Ita ce daga baya aka sani da "Fly Me to the Moon". Cikin 1964 Frank Sinatra ya rera ta da makaɗan Count Basie, bisa tsarin Quincy Jones, da bugu huɗu, kusan 120 a minti, watau fokstirot tsantsa. Kalmomin ba su sauya ba, rawar ta sauya. Saboda haka ango da amarya da suka koyi rawa da faifan Sinatra, in makaɗan da aka ɗauko ranar biki suka buga tsarin farko, duk abin da suka koya ya tashi a banza. Wajibi ne a tabbatar da wane tsari za a buga, da wane sauri, tun kafin ranar.

Haka nan ba kowane kiɗan aure ne na rawa ba. Shahararren kiɗan Mendelssohn na 1842, wanda ya zama yayi bayan an buga shi a auren 'yar Sarauniya Biktoriya cikin 1858, kiɗan maci ne, don tafiyar fita daga coci aka san shi, ba don zaure ba.

8.0 Abin da Kunne Ba Ya Ji

Bayan kunne ya gama aikinsa, in salo biyu suka dace, sai ido ya raba gardama. A wals da fokstirot mace kan yi tafiya da baya da yawa, don haka doguwar riga mai jan ƙasa hatsari ce, sai an naɗe jelarta. Dukansu biyu suna bukatar fili, domin zagaya zaure ake yi ta hannun hagu, akasin tafiyar agogo. In filin ƙarami ne, rumba ta fi. Rumba irin ta gasa tana fara taku a bugu na biyu, abin da ke ruɗa ɗan koyo. Irin ta Amurka, wadda ake zana murabba'i da ƙafa, ta fi saukin kamawa. Waƙoƙi da yawa kuma suna buɗewa da murya zalla, mawaƙi na ja yana saki yadda ya so. Wannan wuri na shigowa fili ne da riƙe juna, ba a fara taku sai ganga ta shigo.

9.0 Rawar Zaure a Afirka ta Yamma

Wannan rawa ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka. Tun shekarun 1920 akwai ƙungiyoyin makaɗa a Akara da ke buga wals da fokstirot da kwikstef ga manyan ma'aikata da attajirai, kuma daga bakin talakawan da ke leƙe daga waje ne sunan kiɗan hailaif ya fito. E. T. Mensah na Gana da ƙungiyarsa ta Tempos, da Bobby Benson a Legas, sun gaji wannan fage a shekarun 1950, suna haɗa kiɗan zaure da karin gida. Karin rumba kansa bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka kai tushensa Kuba, sa'an nan ya dawo a faifan garmaho, ya haifi rumbar Kwango.

Al'adar bikin Hausawa dabam take, domin ba a san namiji da mace su riƙe juna a fage ba. Amma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce. Mahauci ya san kiɗan kalangunsa, manomi ya san gangar noma, ɗan dambe ya san takensa tun daga nesa, ba kuwa mai taka na wani a kan nasa. Bambancin da ke akwai shi ne makaɗin kalangu yana kallon ƙafar mai rawa, yana iya binsa in ya sauya. Faifai ba ya kallon kowa, saboda haka duk nauyin daidaitawa ya koma kan mai rawa.

10.0 Kammalawa

An ga cewa matsalar zaɓen rawa ta taso ne sa'ad da waƙa ta riga rawa zuwa, daga 1960 zuwa yau. An kuma ga cewa maganinta tambayoyi uku ne a jere. A ƙirga bugun ƙulli, in uku ne wals, in huɗu ne sauran. A auna sauri da agogo, a gwada da ma'aunin kowane salo. A saurari yadda dogo da gajere suka jeru, da yadda aka raba cikin bugu. Bayan haka a yi hattara da uku da ke ɓoye cikin huɗu, a kuma tabbatar da tsarin da za a buga ranar biki.

In waƙar da zuciya ta zaɓa ta ƙi karɓar salon da ake sha'awa, ɗaya daga cikinsu ne zai sauka, kuma sau da yawa salon ne ya kamata ya sauka, domin waƙar tana da dalilin da ya sa aka zaɓe ta. Taku mai sauƙi da ya zauna a kan kiɗa ya fi gwaninta da ta saɓa masa kyan gani. Ga ɗalibin Hausa kuwa, ribar ita ce ya gane cewa kunnen da ya horar wajen yanka baiti gaɓa-gaɓa yana aiki har a kan kiɗan da ba na gidansu ba.